Maƙogwaron Inji

A Hamamatsu, bayan shagon walda,
babana Kuramochi ya shekara shida
yana lanƙwasa bututu guda,
wanda inji ke shaƙar iska ta cikinsa.
Yakan ce inji ma ɗan'uwanmu ne:
maƙogwaro ya ƙuntata, ƙarfi ya tafi.

Takardar ofishin rajistar ƙirƙira ta iso daga Tokyo
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Mai dubawa, wata Hayasaka,
shafi huɗu ta rubuta, ba zagi ba yabo:
lanƙwasar nan, wani Bajamushe ya zana ta
tun ba a haife ni ba;
ramukan gefe kuwa
duk makanikin kirki zai iya hango su.

"Zai iya hangowa," in ji baba,
yana goge tabarau da bakin riga.
"To me ya hana shi?"

Kwana sittin aka ba shi ya mayar da amsa.
Bai taɓa alƙalami ba.
Ya sauka gareji, ya ɗaura bututun a tsohon babur,
ya tayar.
Daga bene ina jin injin na numfashi,
sannu, babu tari,
shayinsa na hucewa a kan takardar.