Zanen Inna a Shagon Kayode

Ruwan Yuli ya shigo ɗakinmu a Agege,
ya ci rabin fuskar Inna a hoton sunan Ladidi.
Na kai wa Kayode, Ikeja, ƙarƙashin gada.
Ya kifa ta kan gilashin sikana,
haske ya bi ta a hankali
kamar mai shafa addu'a.

A kwamfuta zanenta ya fito ruwan hoda.
Na ce a'a, shuɗi ne, ɗan karofi.
Ya ƙara, ya rage,
janareta na tari a bayan shago.
Bugu na uku ya kusa.
Kusa dai.

Ya miƙo filashi, bai fi ƙwallon dabino ba.
"Tana ciki," in ji shi.
Na damƙe ta har cikin danfo.