Mai Ɗaure Kusoshi

Ni nake ɗaure kusoshin fukafukai.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina bi ta Kwanar Jaba kafin a kira assalatu,
tafina ya yi kanta, farcena baƙi da girisi.
In ya tashi, tagogin Kurna su ɗau rawa,
awakin Fanisau su tsinke igiya,
ni kuwa in tsaya ina bin sa da ido
kamar wanda ya raka ɗansa tasha.

Ba na raina shi.
Ranar da aka ritsa yaranmu a bakin gulbi,
harsashi ya ƙare, ruwan gora ya ƙare,
shi ya isa kafin la'asar
ya kwaso mutum tara, biyu a kwance.
Ɗayansu yana nan a Bata yana sayar da cajar waya,
ƙafa ɗaya, dariya cikakkiya.

Amma jiya a bencin Ilu mai shayi
na zauna kusa da Barmo,
wanda ya baro garinsu can yamma
yake dakon albasa a 'Yankaba.
Bai san aikina ba.
Ƙarar ta ratsa kanmu, ya ajiye kofi
har sai da ta wuce.

Ya ce, sau uku ya zo mana.
Na farko mata suka rangaɗa guɗa.
Ya yi wa daji aman wuta, ya juya,
kafin magariba yana gidansu.
Mu a nan muka kwana.
Tsakar dare masu babura suka dawo
suna tambayar wa ya buga waya.

Na biyu ƙanena Jatau na dawowa daga gona.
Daga can sama
fartanya a kafaɗa da bindiga a kafaɗa
uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bai faɗi na ukun ba.
Ni ma ban tambaya ba.

Ya kurɓi shayin da ya huce, ya ce,
jirgi bai san wa ya cinye burtali ba,
bai san alƙalin da ya karɓi bijimi ba,
ba ya zaman makoki,
ba ya tsaron rijiya,
bai taɓa kwana garin kowa ba.

Yau da safe na gaya wa Bulus matuƙi.
Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.
Ya ce, a allona kowa ɗigo ne,
sai na ƙasa ya faɗa mini sunan ɗigon,
na ƙasan kuwa sau tari babu shi.

Na ɗau sifana, na shiga ƙarƙashin fiffike.
Kowace kusa na ɗaure ta tamau,
don akwai wasu tara a bakin wani gulbin.
Kuɗin shayin Barmo ni na biya,
na kuma tashi ban gaya masa sunana ba.