Sitela a Rajista

Shekara talatin da huɗu ina kiran suna
a firamaren da ke bayan kasuwar Sabon Gari,
da jan biro, da tabarau mai karyayyen hannu.
Duk abin da gari ya daina so,
rajista ce ke fara sani.

Shekarar da na kama aiki, a aji uku kaɗai
Sitela biyar gare ni.
In na kira ɗaya, biyar su miƙe,
benci ya yi ƙara, aji ya tuntsire da dariya.
Dole na raba su kamar mai kasa goro:
Sitela Doguwa, Sitela ta Titin Faransa,
Sitela 'yar mai burodi, da gari a gashin ido,
Sitela Bahaguwa,
sai ƙaramarsu, wadda ba a jin bakinta,
muka bar mata sunan haka nan, ba ƙari.

Ita ce ta tare ni wata Laraba, an tashi tara:
"Malam, me sunana yake nufi?"
Na ce, "Je ki, sai gobe."
Goben malami! Sati na yi ina yawon tambaya,
har na iske Baba Dogara a inuwar coci
yana ɗinke tsohon littafin addu'a.
Ya ce, "Latin ne, harshen Rumawan da,
wanda ya kwanta dama ya bar 'ya'ya ko'ina.
Tauraruwa ke nan.
Ita masu jirgin ruwa ke duba in gaɓa ta ɓace."

Na dinga hango sunan nan a hanya:
ya ƙetare teku, ya sauka Ikko,
ya hau jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe a ka,
ya diro tashar Kano bai iya ko sannu ba,
har ya koyi cin gurasa da taya kaya.

Na ce mata, "Ke da Najma ta Fagge duk ɗaya ne,
tauraruwa guda, rijiya biyu."
Ba ta ce komai ba.
Washegari na ga zane a kusurwar allonta,
mai ƙafa biyar, ɗaya ta fi sauran tsawo.

Daga nan biyar ta koma uku.
Uku ta jima, sannan ɗaya,
sannan shafi ya cika ba ita.
Mirakul suka zo, da Firinses, da Fevo,
kamar yadda a lungunmu aka nemi Delu da Tabawa aka rasa,
sai Ilham, sai Nihal.
Ashe suna ma atamfa ne:
yau Kantin Kwari na rububinsa,
gobe yana ƙasan adaka yana warin kafur.
Na ji wata uwa na cewa, "Sitela? Ai sunan tsofaffi ne."
Tsofaffin da na share wa majina!

Bana, saura wata bakwai in ajiye alli,
wata mata ta shigo riƙe da yarinya mai wawulo.
Ta karɓi biro da hannun hagu.
Ban ɗago ba na ce, "Bahaguwa."
Ta yi dariya har ta dafa tebur.
"Sunan 'yar?"
"Sitela."
Na ce, "Kin yi wa kanki takwara?"
Ta ce, "A'a, Malam. Ƙaramarmu.
Wajen haihuwa ta tafi, shekara bakwai ke nan."

Biron ya tsaya mini a kan harafin farko.

Yanzu in na kira, mutum ɗaya ke miƙewa,
benci ba ya ko motsi.
Surutu gare ta kamar kanari,
ba ta gado shirun mai sunan ba,
ba ta kuma tambaye ni ma'ana ba tukuna.
Na tanadi amsa.

Jiya da dare an ɗauke wuta,
janaretan maƙwabci ya ƙi tashi.
Na fito tsakar gida da buta,
na ɗaga kai:
duk suna nan, cunkus, har saman Dala.
Na fara ƙirga biyar,
sauro ya kore ni ɗaki.