Dubiya

Da hantsi na gangara kwarin Mabera,
takalmin roba har gwiwa,
kwalabe shida a jaka, da rariya, da farin faranti,
da takardar ofis mai gida uku:
lafiya lau, da dama-dama, rai a hannun Allah.

Ban yi sallama ba. Wa ke sallama a bakin kwata?
Amma nan Inno ta taɓa tsoma ni ina tsala ihu,
nan na koyi kamun talibambam da murfin kwano,
in kai gida, a ce maza in mayar wa uwarsu.

Yau wari ne ya fara yi mini maraba.
Baƙar leda ta naɗe saiwar gawo kamar an ɗaure karaya,
kumfar masu wankin babur tana tafe fara fat,
ba ta san gidan makoki ta shigo ba.
Baƙin mai ya shimfiɗa bakan gizo a kan ruwa,
kyan ɗan maciji.

Na tsoma na'ura. Ta yi shiru, ta yi lissafi,
ta ce iskar da ta rage a ruwan nan
ba za ta kai tarwaɗa ɗaya asuba ba.
Na rubuta. Biro ba ya jin wari.

Na ɗaga dutsen fari: jajayen tsutsotsi cunkus,
masu tarewa inda kowa ya gudu.
Na biyu: matsattsaku.
Na uku ashe ba dutse ba ne, mataccen batir ne.

Modi mai lambun albasa na tsugune bisa gaɓa:
"Ɗiyata, mi kika biɗa cikin dagwalo?"
"Lafiyar ruwa nake aunawa, Baba."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ni ban da kwalba, kunne gare ni.
Shekara bakwai rabon kwaɗi da hana ni kwana.
Dauri, in ruwa ya sauka, sai mun ɗaga murya muka jin juna.
Yanzu dare tsit, kamar gidan da anka tashi.
Rubuta wanga, in akwai gidanai ga takardarki."
Babu gidansa.
Na rubuta a gefe, a karkace.

Ya ce in biyo shi.
Muka wuce kwalbati, muka wuce masu buga bulo,
muka sunkuya ƙarƙashin wata sabara,
inda ruwa ke tsattsafowa daga marmara
siriri kamar zaren ɗinki, sanyi kamar na randa.
Na juya wani tsingaro.

Ga shi.
Ɗan mazari, bai kai ga fiffike ba,
launin taɓo, ƙafa shida, bai fi ƙwallon dabino ba.
Na sa shi a faranti, na ƙidaya: ɗaya.
Na sake ƙidayawa, ko ido ya yi rowa: ɗaya.
Modi ya riƙe numfashi kamar mai jiran ungozoma.
Na mayar da shi, na rufa masa tsingaronsa.

A wurin dubiya ba a faɗin gaskiya tsirara,
"Da sauƙi," in ji mai jinya, ko ana kamun ƙafa.
Amma ma'auni bai san ɗan unguwa ba.
Na sa alama a gida na uku.

Ƙarƙashi aka ce: lissafa mafarin cuta.
Na sa bututun wurin wanki,
na sa garejin kanikawa,
na sa bolar bayan kasuwa.
Na tsaya. Na bi wata kwata da ido
har bangon da na san tsagarsa tun ina rarrafe.
Na huɗu: gidanmu.

Na rufe kwalabe, na wanke hannu da ruwan leda,
ledar ta tsaya mini a hannu, na rasa inda zan yar.
Na cusa ta aljihu.

"Sannu," na ce wa rafi. "Ya jiki?"
Bai amsa ba.
Ya shige kwalbati a hankali,
ɗauke da silifa wari guda.