Kashi Na Biyu

Ɗanjuma mai faifai a bakin Kasuwar Bacci
ya ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai a rana.
"Wannan ba satar ɗauka ba ce daga sinima,
babu kan mutum yana gilmawa, babu tari.
Garau yake. In tsoron bai kai ba, ka dawo."
Na biya, ko tayi ban yi ba.

Kashi na ɗaya ni da Yaya Barau muka gani
a Tudun Wada, cikin zaure, daminar da rufi ya yi yoyo.
Kaset ɗin haya ne, ya bi hannu arba'in kafin namu,
zarensa ya sha biro, ya sha zafi, ya sha gyara.
Hoton na makyarkyata kamar mai zazzaɓi,
farin yayyafi na zuba a allo ba ƙaƙƙautawa,
baƙi ya cinye kusurwa huɗu.
Dodon ma ba mu taɓa ganinsa sosai ba,
wani duhu ne da ya fi sauran duhun kauri.
Mu muka ƙarasa shi:
na ba shi farce, Barau ya ba shi ido guda.
Kwana uku ban fita fitsari ni kaɗai ba.

Yau ga ni a Barnawa, kan kujera mai laushi,
gaban allo mai faɗin ƙyaure.
Hoton ya fito tas, kamar an wanke shi da sabulu.
Ina ƙirga gashin girar yarinyar da za ta mutu.
Dare kansa an rarrabe shi:
baƙin bango daban, na bishiya daban, na rijiya daban,
babu lungun da wani abu zai laɓe.
Da dodon ya fito sai na gan shi duka.
Na ga inda robar fuska ta ƙare, wuyan mutum ya soma,
na ga gumi, na ga ɗinkin hammata ya ɓalle,
jinin kuwa zoɓo ne da aka cika wa ruwa.
Wani bawan Allah ne cikin kaya mai zafi
yana neman abincin 'ya'yansa.
Har tausayi ya ba ni.

Sautin ne ya rama musu.
Sifiku biyar ɗana Mu'azzam ya jera mini,
biyu ya ɓoye su bayan kujera.
Ƙofa ta yi ƙara a hagu, na waiga hagu.
Ruwa ya ɗiga, na miƙe zan ɗaure famfo.
Can tsakiya kiɗa ya ɗauke,
shiru mai tsabta, babu shuuu ɗin nan na kaset
da ke riƙe wa mutum hannu.
Sai numfashi.
A bayana, daidai kafaɗar dama,
inda Barau kan zauna
ya tsoma hannu a randa a ɓoye,
ya jira sai na nutse,
ya damƙe mini ƙeya da sanyinsa
ya kece da dariya har Inna ta buga ƙyaure.

Na jira hannun.
Shekara tara ke nan da muka kai shi,
ni na karɓe shi a cikin ramin.
Na sani. Na dai jira.

Sai aka ɗauke wuta.
Janaretan maƙwabta suka soma tari ɗaya bayan ɗaya,
allo ya mutu, ɗakin ya cika da tsohon baƙin nan
mai kauri, marar kashi-kashi,
wanda komai ke iya zama a cikinsa.

Hansatu ta shigo da tocila.
"Ya fim ɗin? Kuɗin bai tafi a banza ba?"
Na ce hoton ya yi kyau ƙwarai,
sautin ma babu laifi.
Kashe tocilar tukuna.