Sunaye Tara

Daren Alhamis, rediyon Barmo mai shayi
ya karanto sunaye tara,
mu kuwa muna zaune kan buhunan zoɓo
da muka dawo da su daga Maigatari
don dillali ya karya farashi ana la'asar.

Wai sabuwar hukuma ce aka naɗa wa mutane,
za ta riƙe hannun irinmu
har kayanmu su tsallake teku.
Teku! Ni iyakar ruwan da na sani kogin Haɗeja ne,
shi ma shekarar da ya cinye mana gero.

Na farko lauya. Na biyu ya taɓa riƙe banki.
Na uku, in ji Barmo, surukin wani ne.
Na huɗu ba mu ji shi ba, batir ya yi tari,
aka cire aka ciza aka mayar.
Sai ga na bakwai:
Mati Ilu Gagarawa.

Shayi ya sarƙe ni.
Mati, mai karyayyen haƙori,
wanda muka raba benci ɗaya a firamare,
wanda uwarsa Tasalla ta yi damina goma sha
tana ɓarar zoɓo a zauren kakata
har tafinta ya rine, sabulu ya haƙura.

Kafin asuba gari ya ji.
Ɗanladi ya ce in nema masa bashi.
Uwale ta ce ɗanta ya iya tuƙi.
Har liman ya tsaya ni a bakin masallaci:
ai yanzu kana da mutum a ciki.
Ina da shi?
Shekara ashirin da biyu rabona da muryarsa.

Na sayi takarda a shagon Jatau.
Na rubuta gaisuwa, na soke.
Na rubuta cewa bara wani ɗan Legas
ya zuba riɗina a tafi, ya hura,
ya ce akwai yashi, ya zaftare kashi ɗaya cikin uku,
na ga abin ya yi kama da roƙo, na soke.
Yaya ake rubuta injin tankaɗe
da sikelin da ba ya ƙarya
da takardar shaidar da sai an kwana uku a Dutse
ba tare da murya ta durƙusa ba?

Na ninke takardar na ba akuya.

Da safe na ɗebi riɗi tafi ɗaya,
yadda yake, da yashinsa da ƙaiƙayinsa,
na haɗa da zoɓo 'yan ƙwaya biyar,
na ƙulle a tsumma.
Direban motar Dutse ya ce, in ce daga wa?

Na ce kar ka ce komai.
Ajiye masa kan tebur, kusa da ruwan roba.
In ya kwance ya shinshina, ya isa.
In kuma ya kira masinja ya share,
to mun san sunaye tara ne,
ba takwas da namu ɗaya ba.