Fim na Shida

Shagona na bakin Ƙofar Ƙaura.
Naira ɗari, in tura maka fim biyar a waya:
na faɗa, na soyayya, na Indiya mai fassara.
Can ƙasan kwamfuta, inda ba mai tambaya,
akwai guda bakwai na Yaya Hansai.

Shekararta goma sha tara a Kanada.
Karatun jinya ya kai ta.
Wani mai kyamara ya gan ta a tashar bas
ta yi shiru cikin sanyi,
ya ce shirun nan yake nema.

Na kalli na farko bayan na rufe shago.
Mace ce a kicin tana yanka albasa,
minti tara cur, ba kiɗa, ba magana.
Taga. Ƙanƙara. Tukunya.
Na ce to, yaushe za a fara?
Sai ta goge ido da bayan hannu,
ta ja hanci sau biyu,
sak Inna, Allah ya jiƙanta.
Na tsayar da fim ɗin. Na daɗe ban kunna ba.

An ce a Monturiyal akwai ɗakin kallo
mai kujera tamanin,
duk sun miƙe suna yi mata tafi.
Jarida ta buga sunanta, da kuskuren harafi ɗaya.
Kuɗin haya kuwa har yau
daga aikin dare yake fitowa, a gidan tsofaffi.
Lambar yabon da aka ba ta, ta gilashi,
Baba na danne takardun kuɗin wuta da ita.

Da ta zo bara, ta yini kan bencina
ƙarƙashin hotunan taurarin da na manna a bango.
Samari na shiga, na fita.
Wani ya ce, Hajiya, ɗan matsa in sa caji.
Ta matsa.

Sai a kasuwa, mai tattasai ta ƙura mata ido:
Ba ke ce ta gidan Ɗan'azumi mai gyaran rediyo ba,
wadda rago ya kora har cikin kwata?
Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.
Aka ƙara mata gyara, cike da hannu.
A Keke Napep ta ce min,
Ka ga, nan ne kawai aka san farkon labarin.

Tun da ta koma nake wata 'yar sata:
wanda ya biya biyar, in saka masa shida.
Yawanci sukan goge. Wasu su yi min tsiya.

Jiya Sallau direban Jibiya ya dawo,
ya tsaya yana sosa ƙeya.
Matar nan mai albasa, in ji shi,
waya ta mutu min a hanya.
Wa take jira ne?
Ya zo kuwa?